Masset ɗin Helix Oxford: abin da gwangwanin yake iya yi a ajin ƙaramar sakandare

Duk farkon zangon karatu iyaye na sayen masset, wato gwangwanin kayan zane da aune-aunen lissafi, amma sau da yawa gwangwanin yana kwance a jaka har ranar jarrabawa. Asara ce babba, domin a cikin kayan makarantar da ake sayar wa ɗalibin JSS, babu wanda ya kai shi sa yaro ya taɓa lissafi da hannunsa. Wanda aka fi sani shi ne na kamfanin Helix na Ingila, mai suna Oxford, wanda ya fito tun 1935, kuma tun 2012 kamfanin yana hannun Maped na Faransa. A ciki akwai kamfas (abin zana da'ira), dibaida (mai kama da kamfas amma allura biyu gare ta), rula mai santimita 15, sikwaya biyu masu siffar alwatika (mai digiri 45, da mai 60 da 30), ma'aunin kusurwa mai digiri 180, ɗan guntun fensir, magogi da abin fiƙe fensir.

Kamfas ɗin shi ne darajar gwangwanin, don haka shi za a fara gwadawa tun a shago. A buɗe shi, a matsa ƙafafunsa da yatsu biyu. In ya rufe ba tare da turjiya ba, a ajiye shi. Na ainihi yana riƙe buɗinsa, kuma in ya saki da daɗewa, ƙaramar sukundireba ta isa ta ɗaure shi. Ga dalilin damuwa da wannan. A sa yara su buɗe kamfas santimita 5, su zana da'ira, sannan su taka gefenta da wannan buɗin sau shida. Taku na shida ya kamata ya faɗo daidai inda aka fara, a haɗa ɗigogin a samu siffa mai gefe shida, kowace kusurwa ta tsakiya digiri 60. To, in kamfas ya zame da milimita ɗaya kacal bayan an zana da'irar, taku na ƙarshe zai kauce wa wurinsa da fiye da rabin santimita, yaro kuma ya ɗauka shi ne bai iya ba. Sauran matsalolin daga fensir suke: dole ya zama gajere, mai tsini, bakinsa daidai da bakin allurar idan an rufe kamfas. A kuma sa littafi ƙarƙashin takarda, don allura ba ta zama a kan bencin da ya rarake.

Da kamfas da rula kaɗai ana samun darasi mai daɗi a kan alwatika. A ba wani rukuni santimita 6, 8 da 10 su gina, su ɗora bakin sikwaya su ga kusurwar 90 ta fito da kanta. A ba wani rukunin 3, 4 da 8. Za su yi ta fama, lanƙwasassun layuka biyu da kamfas ya zana ba za su taɓa haɗuwa ba. Kada malam ya yi saurin ba da amsa. Ya bar su su gano cewa gajerun gefe biyu sai sun fi dogon idan an haɗa su.

Rular ce ta gaza. Santimita 15 ba ta isa aiki da yawa ba. Misali, in an buɗe kamfas santimita 3.5, an yanko da'ira a kwali, an naɗa zare a gefenta, zaren zai kai kusan santimita 22, faɗin da'irar kuma 7, daga nan 22/7, wato tsawon kewayen da'ira a raba da faɗinta, ya fito fili. Amma sai an ninka zaren biyu kafin ya hau rular, ya ba da 11. Ya fi sauƙi a ƙara sayen doguwar rula mai santimita 30. Zaren kuma kada ya zama mai miƙewa.

Ma'aunin kusurwa yana da jerin lambobi biyu, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, kuma nan ne yara ke rubuta 130 a maimakon 50. Ba laifin kayan ba ne, haka ake yin sa. Maganinsa a fara ɗora sikwaya a ga ko kusurwar ta kai 90 ko ba ta kai ba, kafin a karanta lamba. Sikwayoyin ma suna da nasu aikin da ake mantawa: a jera 45 da 30 a samu 75, a jera 60 da 45 a samu 105, a zame ɗaya a jikin rula a ja layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Dibaida kuwa, a ganina malam ya tattara ta ya ajiye a ajin JSS 1. Allura biyu ce a hannun yara masu zolayar juna, kuma kusan duk abin da take yi a wannan matakin kamfas zai yi.

Kasuwa cike take da kwaikwayo masu kama da gwangwanin. A goga lambobin rula da babban yatsa a ga ko fenti na tashi, a kuma kara rula biyu a ga ko layukansu sun dace. Ga aji mai ɗalibai 60, gwangwani 30 ya isa a yi aiki bibbiyu, ɗaya na zane ɗaya na aunawa, sannan su yi musanya. In makaranta ce ta saya, a rubuta lamba a murfin kowanne, a ƙirga abin da ke ciki kafin a tashi daga darasi, domin ma'aunin kusurwa da fensir ne ke fara ɓacewa.