Birnin Kebbi zuwa Abuja ta jirgi: awa ɗaya a sama, sauran a ƙasa

Idan aka auna a miƙe ta sama, tsakanin Birnin Kebbi da Abuja kilomita 500 ne ko kusa da haka. Ta mota kuwa sai ka ratsa Jega, Koko, Yauri da Kontagora, ka faɗa Minna da Suleja, tafiyar ta haura kilomita 600. Wanda ya san hanyar ya san yini guda take cinyewa, ga ramuka, ga zullumin tsaro idan yamma ta yi maka a daji. Wannan ne ya sa na koma bin jirgi daga filin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kan hanyar Argungu.

Abin da aka rubuta a tikiti gaskiya ne, kusan awa ɗaya. Wasu kan yi mamaki, tunda jirgin fasinja yana iya gudun kilomita 800 a awa, me ya sa ba za a isa cikin minti arba'in ba? To, ba da wannan gudun yake tashi ba. Sai ya gangara kan titin tashi, ya ɗaga a hankali har ya kai inda zai daidaita, kuma tun da sauran tafiya yake fara rage gudu yana saukowa. A Abuja ma wani lokaci sai ya jira layi kafin a ba shi izinin sauka. A gajeriyar tafiya irin wannan, hawa da sauka su ne rabin aikin.

Wanda ya samu kujerar taga ya more. Da an ɗaga, fadamar shinkafa ce shimfiɗe kore shar, sai duwatsun wajen Zuru idan sama ta washe. An miƙo mini ruwa da biskit, ban gama kokawa da ledar ba aka ce a ɗaura ɗamara za a sauka.

Inda nake da ƙorafi shi ne lokaci. Kamfanin da na bi ya ce mu hallara tun da hantsi, muka zo, aka auna kaya, aka zauna. Har azahar shiru. Wani dattijo kusa da ni ya tare ma'aikaciyar ya ce, "'Yata, yau dai za mu tashi kuwa?" Ta ce, "Baba, a yi haƙuri, jirgin bai baro Abuja ba tukuna." Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari, kuma ba mai son matuƙi ya sauka inda ba ya gani. Ban ga laifinsu a nan ba. Amma saƙo ɗaya a waya da ya hutar da mutane zaman kujera.

Sannan sauka Abuja ba shiga Abuja ba ce. Filin Nnamdi Azikiwe yana da wajen kilomita 40 daga tsakiyar gari, kuma idan ka yi kiciɓis da cunkoson Lugbe, motar haya za ta iya cin lokacin da jirgi ya ci. Haɗa duka, daga ƙofar gida zuwa masauki, rabin yini ne.

Kuɗin yana da zafi, amma zan ci gaba da biya. Mai taron safe dai gara ya tafi tun ana gobe taron, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu.