Gargaɗi ga masu ƙawata ɗakuna a Zariya game da wani mai hoton bogi

Assalamu alaikum. Wannan gargaɗi ne ga 'yan'uwana masu sana'ar ƙawata ɗakuna da jeren amare, da kafintoci da masu ɗinkin labule da masu aikin silin, waɗanda a yanzu kasuwarmu ta fi dogara ga hoton da muka ɗora a waya fiye da allon da ke ƙofar shago. Akwai wani mutum da ya buɗe shafi a Instagram a matsayin ƙwararren mai ɗaukar hoton cikin gida, yana karɓar kafin alƙalami daga hannun masu sana'a sannan ya yi ɓatan dabo. Ni kaina ya ci kuɗina. Ba zan kama suna ba, domin wanda ya ba ni ba nasa ba ne, kuma ya riga ya sauya wa shafin suna, don haka abin da zai amfane ku shi ne ku san yadda yake ɗana tarkonsa.

Na yi aikin wani gidan amarya a Hanwa, falo biyu da ɗakin kwana, wanda ya ci mana kusan mako uku tsakanin fenti da silin da fitilu da labule. Duk wanda ke wannan sana'a ya san cewa tsakanin kammala jere da kai amarya ba a fi samun kwana ɗaya ko biyu ba, kuma da zarar ta tare, ɗakin ya zama na matar aure, babu zancen shigo da baƙon namiji da kyamara. Idan wannan ɗan lokaci ya wuce ba a ɗauki hoto ba, aikin ya tafi ke nan, sai dai a riƙa ba da labarinsa da baki. Mutumin nan ya san haka sarai, kuma da wannan ƙurewar lokaci ya kama ni.

Bayan na yi cigiyar mai hoto a shafina, shi ne ya fara yi mini magana, cikin ladabi da Hausa mai kyau, yana ta kirana Hajiya. Ya ce a Kaduna yake zaune, amma yana da wani aiki a Samaru a wannan makon, saboda haka ba zai caje ni kuɗin mota ba. Ya ce farashinsa naira 150,000 ne, amma zai bar mini a 100,000 idan na tura 60,000 a ranar domin ya riƙe mini lokaci, tunda wai wasu mutum biyu suna neman ranar. Da na sa lambar asusun sai na ga wani suna dabam ya fito, na tambaye shi, ya ce na ƙanensa ne domin nasa yana da matsala. A nan ya kamata in tsaya, amma saura kwana biyu a kai amarya, sai na tura.

Ranar aiki da safe ya kira ya ce yana tashar Kawo. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya ce mota ta lalace musu a Jaji. Bayan Azahar ya ce ya shigo gari, amma fitilarsa ɗaya ta fashe a hanya, ya samu wanda zai ba shi haya a Sabon Gari, in taimaka da 20,000 a cire daga cikon kuɗinsa. Na tura, domin wanda ya riga ya zuba sittin yana ganin ashirin ce za ta ceto ta. Daga La'asar wayarsa ta daina shiga, kafin Magariba ya toshe ni ta ko'ina.

Da daddare ƙanena, wanda ke karatun zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello, ya duba hotunan shafin da na riga na adana a wayata, bai yi minti biyar ba ya nuna mini abin da idona ya tsallake. A wani falo soket ɗin bango mai siraran ramuka biyu ne irin na Amurka, alhali namu na Najeriya mai ramuka uku ne irin na Ingila. A wani ɗakin kuma akwai ƙarfen ɗumama ɗaki a ƙarƙashin taga, abin da ba a sa wa gida a ƙasar nan. Ya sa hotunan a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet, sai ga su a shafukan kamfanonin ƙasashen waje, wasu ma ba hoto ba ne, zanen kwamfuta ne na ɗakin da ba a taɓa ginawa ba. Abin kunya ne a gare ni, ina zaune a garin da ke da jami'a tun 1962, mai sashen zane-zane da sashen gine-gine cike da matasa masu kyamara, in tsallake su in miƙa kuɗina ga wanda ban taɓa gani ba.

Amma abin da ya hana ni barci ba kuɗin ba ne. Tun kafin ranar ya nemi in ɗauki bidiyon gidan daga ƙofar shiga har ɗakin kwana, in haɗa da kwatance, wai domin ya san irin fitilun da zai taho da su, ni kuwa na tura. Ke nan wani mutum marar amana yana riƙe da kwatancen gidan mutane da hoton duk kayan da iyayen yarinya suka yi shekaru suna tarawa. Dole na je na sanar da mahaifin amarya da bakina, kuma ban taɓa jin nauyin wata magana a sana'ata irin na wannan ba. Daga baya na ga ya yanko wani ɓangare na bidiyon ya ɗora a shafinsa a matsayin aikin da ya yi a Zariya, wato da gumina zai yaudari na gaba. Mai hoto na gaskiya yana iya tambayar girman ɗaki da inda tagogi suke fuskanta, amma cikakken kwatance ba ya wajaba sai bayan kun haɗu kun san juna, kuma sai da izinin mai gida.

Bayan wannan na zauna da wani mai hoto da na san shagonsa, ya bayyana mini abubuwan da ake gane mai aikin da su. Hoton ɗaki dabam yake da hoton biki. Mai ɗaukar biki fuska yake bi, shi kuwa mai ɗaukar ɗaki yana kafa kyamara a kan ƙafarta mai ƙafa uku, ya daidaita ta yadda bango da ƙofa za su tsaya cak ba su karkace ba, ya lura kada hasken taga ya yi yawa har labule ya ɓace, kuma ya kiyaye launi domin kada farin fenti ya fito ruwan ɗorawa saboda ƙwan lantarki. Wanda ya san aikin zai tambaye ki ko rana tana shigowa ɗakin da safe ne ko da yamma, da kuma ko akwai janareta idan aka ɗauke wuta. Ɗan damfarar nan bai yi mini tambaya ɗaya irin wannan ba, zancensa duk na ranar aiki ne da kuɗi.

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a ce ya turo dukan hotunan aiki guda, ashirin ko talatin na gida ɗaya daga kusurwoyi dabam-dabam, domin ɓarawon hoto ɗaya-ɗaya yake tsinta, ba ya samun jeri. A ce ya turo ɗaya a matsayin fayil ta WhatsApp, tunda ta haka bayanan kyamara da ranar ɗauka ba sa gogewa. A nemi lambar mai sana'ar da ya taɓa yi wa aiki a Zariya ko Kaduna, a kira a ji daga bakinsa. Idan ya ce yana da kamfani, ana iya duba sunan a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Sannan gani ya kori ji: daga Zariya zuwa Kaduna ba wata tafiya ba ce, wanda ya ƙi a zo shagonsa, ya kuma ƙi kiran bidiyo, a rabu da shi. Kafin alƙalami ba laifi ba ne, masu gaskiya ma suna karɓa, amma ya zama kaɗan, ya shiga asusu mai sunan mutumin da kuka yi magana da shi, ciko kuma sai hotuna sun zo hannu.

Ko da mai gaskiya ne, a rubuta yarjejeniya. A ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wanda ya ɗauki hoto shi ne mai shi tun farko sai idan an yi wata yarjejeniya, don haka a rubuta cewa za ki yi talla da hotunan, da adadinsu da ranar kawowa, da kuma cewa ba zai wallafa cikin gidan mutane ba sai sun yarda.

Wanda abin ya riga ya faɗa masa kada ya ɓoye don kunya. Ya sanar da bankinsa nan take, ya adana rasit da hirarrakin da suka yi da hoton shafin kafin a goge, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke Kaduna. Karɓar kuɗi ta hanyar ƙarya babban laifi ne a dokar damfara ta 2006, hukuncinsa ɗaurin shekara 7 zuwa 20. Ni na kai nawa ƙorafin washegari, kuma har yanzu ko sisi bai dawo ba.

A halin da ake ciki shafin yana nan da sabon suna da tsofaffin hotuna, ya kuma ƙara rubuta cewa yana zuwa Kano da Funtuwa. Za ku gane shi da wani falo mai koren kujeru da ƙarfen ɗumama ɗaki a ƙarƙashin taga, sai kuma gajeren bidiyon wani ɗakin kwana mai labule ruwan toka, wanda ni na ɗinka shi.