Na biya dubu 25 don a koya min sa wa zanena farashi, aka sa na kori mai saye

Jiya na ga Malamin nan ya sake saka talla a Facebook, wai zai buɗe sabon aji na koyar da sayar da zane ta hanyar NFT, wato shaidar mallakar zane da ake saye da sayarwa a intanet da kuɗin kirifto, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani. Ba zan kama suna ba. Waɗanda muka zauna tare a ɗakin nan na saman bene a Zoo Road, farkon 2022, sun san wanda nake nufi.

Kwana huɗu aka yi, naira dubu 25. Ranar farko kusan duk labarin Beeple ne, Ba'amurken da kamfanin gwanjo na Christie's ya yi gwanjon zanensa a kan dala miliyan 69 a watan Maris na 2021. Daga nan sai Osinachi, ɗan Aba mai zane da Microsoft Word, wanda shi ma aikinsa ya kai Christie's a shekarar. Duk gaskiya ne, kuma wallahi jikinmu ya ɗauka. Sai Malam ya kafa mana dokarsa: tsada ita ce daraja, wanda ya karya farashi ya karya sunansa.

Ina da wani zane na hawan Daushe da na yi sati uku a kansa, doki da ɗan lifidi, hular kwano tana ƙyalli, ƙura ta tashi a bayansu wajen Ƙofar Kudu. Na so in sa 0.1 ETH, wato kuɗin kirifton da ake cinikin da shi. Malam ya karɓi kwamfutar, ya ƙura ido, ya ce, "Kai ɗalibi, wannan ai na rabin ETH ne." Lokacin ETH ɗaya yana wajen dala dubu uku. Haka na ɗora shi a OpenSea, kasuwar NFT ta intanet, bayan na sha wahalar sayen kuɗin gas, wato ladan da ake biya kafin a ɗora aiki, a hannun 'yan P2P masu sayar da kirifto kai tsaye tsakanin mutum da mutum, don a lokacin Babban Banki ya hana bankuna taɓa harkar kirifto tun Fabrairun 2021.

Kwana tara shiru. Ran na goma, da daddare ina zaune a ƙofar gida ana jiran wuta, sai ga saƙo. Wani ya taya 0.08 ETH. Bai tsaya nan ba, ya bi ni Twitter ya ce ya taɓa zuwa Kano kallon hawan Sallah, dokin ya tuna masa da ranar. Hannuna har rawa yake. Na ɗauki hoton tayin na tura guruf ɗinmu na WhatsApp. Malam ya amsa da saƙon murya, har yanzu yana wayata: "Kada ka kuskura. Ka ce masa albarka. Wanda ya taya yau zai dawo da ninki gobe." 'Yan aji suka yi ta turo alamar wuta. Ni kuwa na rubuta wa bawan Allah cewa farashi ba ya sauka.

Bai dawo ba. Babu wanda ya dawo.

Da na ba Baba labari, shi da ya yi shekara talatin yana sayar da atamfa a Kantin Kwari, bai ma tambayi mene ne NFT ba. Cewa ya yi, "Ka taɓa sayar da ko ɗaya?" Na ce a'a, Baba. Ya ce, "To da wane ciniki ka san kuɗin kayanka? Cinikin fari ba a korar sa, yaro." Ya ci gaba da jan carbinsa. Zuwa watan Yuni ETH ya faɗo ƙasa da dala dubu, rabin ETH ɗin da nake taƙama da shi ya zube da kansa ba tare da na taɓa komai ba. Ko sau ɗaya ba a gaya mana a aji cewa mutum ya fara yanke farashinsa da dala sannan ya juya shi zuwa ETH ba.

Kada dai in ci haƙƙin Malam. Ranar ƙarshe, ana ta haramar tashi, ya yi minti ashirin a kan bambancin zane tilo da zane mai kwafi da yawa, ya kuma nuna mana Tezos, wani tsarin kirifto na daban, inda kuɗin ɗora aiki bai taka kara ya karya ba. Wannan ɗan guntun shi ya cece ni. Na zana rijiyoyin rini na Ƙofar Mata, na yi kwafi 20 da araha a objkt, kasuwar NFT ta Tezos, guda 13 suka tafi cikin wata biyu. Biyu daga masu sayen suka dawo, na ɗan ƙara kuɗi a zane na gaba, suka biya ba musu. Don haka ba zan ce ajin banza ba ne. Malam ya iya bayanin walat, wato asusun ajiyar kirifto, da yadda ake ɓoye kalmomin sirrinsa, wannan kam na ba shi.

Amma da na tuna maganar kashi 10 sai raina ya sake ɓaci. Ya rantse mana cewa duk sanda aka sake sayar da zanenka, kashi 10 naka ne har jikokinka, shi ya sa ma wasu suka ƙi damuwa da lissafin cinikin farko. A 2023 manyan kasuwannin suka mayar da biyan wannan kaso ganin damar mai sayarwa. Na tambaye shi a guruf ko zai yi mana bayani. Ya karanta, bai amsa ba. Washegari na tashi na ga an cire ni.

A sabon tallan ya mayar da kuɗin aji dubu 60, kuma hoton Beeple ne dai a sama. Dokina yana nan a kasuwa, na sauke shi zuwa 0.05. Watan jiya na sake rubuta wa mutumin nan na hawan Sallah, saƙon ko buɗe shi bai yi ba.