Ɗan China sabo ko Stihl na hannu? Amsa ga mai neman injin yankan itace

Wani ɗan'uwanmu daga Kumo ya ce iskar farkon damina ta kayar masa da darbejiya uku da marke ɗaya a gona, yana so ya mayar da su itacen girki, ya ajiye na gida ya sayar wa masu gidan burodi sauran. Kuɗinsa ba su da yawa. An nuna masa sabon inji ɗan China mai lamba 5200, an kuma yi masa tallan Stihl na hannu, shi ne yake tambaya wanne zai ɗauka.

Malam, in waɗannan huɗun ne kaɗai aikin, kada ka sayi ko ɗaya. Nemi mai inji ku yi jinga, ya daddatsa maka su gungume-gungume, masu faskare su ƙarasa da gatari. Amma na fahimci kana hangen sana'a ne, kuma hangen bai ɓaci ba, domin tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi, gidaje da yawa a Gombe sun koma murhu. To bari mu ɗora su a sikeli.

Lambar 5200 ɗin girman injin take nufi, wato sisi (cc, ma'aunin girman cikin inji) 52, kuma yawanci da ƙarfe mai inci 20 yake zuwa, ƙarfen nan da sarƙar ke zagayawa. Wannan ya ishi darbejiya har da rara. Abin da ya fi jan hankalina gare shi ba arahar ba ce kawai. Samfurin iri ɗaya ne ko da sunan da aka manna ya bambanta, saboda haka kafireto, filogi, igiyar tayarwa da fistin na wannan suna shiga wancan, kuma mai gyaran ƙaramin janareto ba zai tsaya yana kallonsa ba. Aibinsa kuwa sai ka riƙe za ka sani. Yana jijjiga hannu, notuna na kwancewa, robar wajen igiya ba ta da ƙwari, sarƙar da yake zuwa da ita kuma ba ta jimawa take dakushewa. Inji ne da za ka riƙa lallaɓawa, ka yi aiki ka bar shi ya huce.

Stihl ɗan Jamus ne, kamfanin yana nan tun 1926, kuma in na gaskiya ne ka samu, ba sa'an ɗan China ba ne. Irin su MS 250, mai sisi 45, bai kai kilo biyar ba kafin a ɗaura ƙarfe, yana yini yana aiki bai gaji ba, kai ma kafaɗarka ba ta mutu ba. Matsalar tana cikin kalmar nan "na hannu". Ba ka san wanda ya riƙe shi ba, ba ka san irin man da ya sha ba. Ga kuma jabu birjik, fenti ruwan lemo da fari, suna a rubuce raɗau. Ni kaina an taɓa yi mini wannan sakiyar, sai da makanike ya buɗe ya ce mini cikin ɗan China ne aka sa wa riga, alhali na biya kuɗin Jamus.

In ka nace sai shi, je da makanikenka. Ya cire salansa ya leƙa fistin, in akwai zane-zane a jikinsa ku juya. Ka kama hannun igiyar tayarwa ka saki injin ya rataya: in ya sulale ƙasa da sauri, ƙarfinsa ya tafi, in yana sauka a hankali yana tirjewa, da sauransa. Ku tayar, ku kai bakin ƙarfen kusa da farar takarda ba tare da ya taɓa ba, ku ga ko yana fesa man sarƙa. Sannan ka tambayi masu kayan gyara a Babbar Kasuwa ko suna da kayansa, kafin ka biya ba bayan ka biya ba.

Wani zai ce maka ka sayi babban Stihl ɗin nan mai lamba 070. Ƙyale shi. Wannan na masu tsaga katako ne, sisi ɗari da 'yan kai, ya haura kilo goma, ga shan mai. Inji mai amfani da lantarki ma ban sa shi a lissafi ba, ina wuta a gona?

Ni dai da kuɗin nan ne a hannuna, ɗan China zan ɗauka, in sa ragowar a sarƙa biyu masu kyau da magagari mai zagaye daidai da haƙoranta. Sarƙa mai kaifi ita ce aikin. Itacen da ya kwanta a ƙasa ɓawonsa cike yake da yashi, kuma haƙoran na taɓa ƙasa sau ɗaya kaifin ya tafi. Ka sa wani gungume a ƙarƙashi ka ɗaga shi, ka kakkaɓe ɓawon. Idan ka ga injin ya daina fitar da ɓarɓashi manya ya koma gari kamar dusa, tsaya ka wasa.

Sai mai. Kada ka yi masa haɗin ido irin na janareto. Man 2T ake sawa, wato man inji da ake gaurayawa da fetur. Yawancin 'yan China ma'aunin 25 da 1 suke so, wato mililita 40 a litar fetur, Stihl kuma 50 da 1 in da mansa mai kyau ne, mililita 20 ke nan. Duba abin da aka rubuta a jikin naka. Tankin sarƙa kuma ban yarda da ƙonannen baƙin mai ba, ko da kowa na zubawa.

Ka tabbata birkin sarƙa yana kamawa, don in saman tsinin ƙarfen ya ci karo da reshe, injin harbi yake yi kamar jaki, fuska yake nema. Ba a aikin da babbar riga ko silifa, kuma a kori yara.

Fara da marken tun yana ɗanye, in ya bushe zai cinye maka sarƙa. Kafin ka loda a mota kuma ka leƙa ofishin malaman daji na ƙaramar hukumarku ta Akko ka shaida musu iska ce ta kayar, domin tun da aka fara shirin dashen itatuwa na Gombe Goes Green a 2019 ba a yi wa motar itace kallon wasa a hanya.