Wace kwamfuta mai araha za ka kai ƙauye?

Idan kana son buɗe ɗan ajin koyon kwamfuta a ƙauyenku, ko ka saya wa ƙaninka mai shirin JAMB, kafin ka tambayi farashi ka fara tambayar kanka: ina wuta, kuma wa zai gyara ta ranar da ta lalace? A nan shirin One Laptop per Child, wato na samar wa kowane yaro kwamfuta, ya yi tuntuɓe. An ƙaddamar da shi a 2005 da alƙawarin kwamfutar yara ta dala 100, har aka gwada ta a firamaren Galadima da ke Abuja a 2007, amma kuɗinta ya kusa ninka haka, ga shi mai gyaran unguwa bai san cikinta ba.

Ni dai zaɓina laptop ɗin ThinkPad ta gwanjo ce, irin su T450 ko T460. Jikinta na da ƙwari, tana jure hannun yara da ƙurar hunturu. Batirinta na baya zare shi ake yi a saka wani, ba sai an kwance ta ba, kayan gyaranta kuma suna nan birjik a kasuwa. Cajarta wat 45 ce ko 65, don haka ƙaramar sola ta ishe ta. Matsalarta ɗaya: Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma a ƙa'ida ba ta ɗaukar Windows 11. To, sai ka sa mata Linux Mint, wani tsarin da ke maye gurbin Windows, kyauta ne. Yana zuwa da LibreOffice na buga takarda da lissafi. Ka ƙara Kiwix, manhajar karanta shafuka ba tare da intanet ba, ka sauke Wikipedia ta Hausa da ta Turanci tun kana birni, yaro ya yi ta karatu a rugar da ko sabis ɗin waya babu. Wannan shi ne taimakon da talaka zai gani da idonsa.

Chromebook kuwa, wato laptop mai tsarin Google, in babu intanet rabin amfaninta ya tafi. Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfutar da ke zuwa tsirara, ta fito a 2012 a kan dala 35, amma kafin ka haɗa mata allo da madannai da batir, arahar ta gudu. Sababbin tablet marasa suna kam, kar ma a fara.

Sai dai kasuwar gwanjo akwai algus, kuma ni an taɓa yi mini. Na sayi wata kwamfuta, batirinta na nuna a cike, ina isa gida ko shayi ban gama haɗawa ba ta ɗauke. Yanzu sai na cire caja na zauna a shagon rabin awa ina kallon bidiyo, mai shago ya yi ta hararata. Kar ka yarda da tambarin Core i7 mai nuna ƙarfin injinta da ke manne a jiki, ana sayar da shi daban a liƙa. Kunna ta ka shiga cikin bayananta ka karanta ainihin abin da ke nan, har da girman RAM, wato ma'adanar da take aiki da ita. Ka danna F1 lokacin da take tashi: in ta nemi kalmar sirri, ajiye ta ka yi gaba, ko da mai shago ya rantse zai cire maka. Ka gwada kowane madanni da kowace kafar USB. Caja kuma ka ɗaga ta a hannu, ta jabu ba ta da nauyi, kuma nan da nan take ɗaukar zafi.