Ku kiyayi masu cewa ku tura kuɗi asusunsu su yi muku takardar haraji

Naira 315,000. Tun shekaranjiya nake juya lissafin nan a kaina, ko barci na kasa. Naira 315,000 na ɗauka da hannuna na ba wani ɗan damfara, ya miƙo min takardar da ko kuɗin fotokofinta ba ta kai ba.

Ni kafinta ne, shekara 17 ina buga kujeru da tebura a Kano, kuma na yi wa shagona rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da kasuwanci, tun tuni. Ba yaro ba ne ni, ba kuma jiya na fara riƙe kuɗi ba. Ina faɗa ne saboda masu cewa "ai kai ma ka yi sakaci". Wata makaranta ce ta nemi kujerun ɗalibai 120, suka ce sai an haɗa da takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku da suka wuce. Ni kuwa ba ni da ita, kwana 9 suka rage a rufe karɓar takardu. Wa zai ga wannan aiki ya bari?

Ba a titi na tsinci ɗan damfarar ba. Masallaci ɗaya muke sallar azahar, ya fi wata huɗu ina ganinsa a sahun gaba. Kullum fes, kati rataye a wuya, laftof a jaka. Ranar da na yi masa maganar, kujera ya jawo a shagona ya zauna, har ɗan ƙurar katako ya kaɗe da hankici, ya buɗe laftof ya ce, "Maigida, kwantar da hankalinka, wannan ai aikina ne, sati ɗaya ya yi yawa." Wannan zaman nake ta gani a idona. Na sa yaro ya sayo masa lemo mai sanyi. Lemo! Ni na saya wa ɓarawona lemo, har ina cewa Yallaɓai a ƙara ƙanƙara?

Farko 180,000, wai bashin harajin shekara uku. A'a, kafin nan ma ya karɓi 40,000 na fitar da lambar TIN, wato lambar shaidar mai biyan haraji. Jiya na san cewa TIN kyauta ake bayarwa, ko kwabo ba a biya. Sai 95,000 daga baya, wai tara, wai in ban biya ba kafin sabuwar dokar harajin da Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta fara aiki a Janairun 2026, za a rufe min asusun banki. To lokacin kowa maganar da yake yi ke nan a kasuwa, a rediyo, a WhatsApp. Ku gaya min wanda ba zai tsorata ba. Ku haɗa: 40,000, 180,000, 95,000. Naira 315,000.

Kuma na tambaye shi, wallahi na tambaya. Da ya turo lambar asusu na ga sunan mutum ne ba na hukuma ba, na ce Yallaɓai yaya haka? Ya yi dariya ya ce shafin biya na yawan tsayawa, shi zai biya daga nasa ɓangaren ya kawo min rasit. Ya kawo rasit ɗin kuwa, da tambari da komai. Ina da su, ina da hoton alat ɗin banki guda uku, ina da muryarsa da ya turo yana rantsuwa da Allah. Zan ɗora su duka da zarar wanda ke bin min maganar ya ce in saki.

Yadda asiri ya tonu shi ya fi ƙona min rai. Makarantar ce ta kira ni, akawunsu ya ce lambar da ke jikin takardata ba ta fito ba da suka duba. Na ɗauki takardar na tafi ofishin haraji da kaina, abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Wata ma'aikaciya ta dube ta, ba ta yi minti ɗaya ba ta ɗago ta ce, "Baba, wa ya ba ka wannan?" Takardar tambarin hukumar tarayya ne a kanta, alhali mai rajistar sunan kasuwanci irina, wanda ba kamfani mai limited ba, harajin kuɗin shigarsa hukumar jiha yake biya wa. Ko ƙaryar ma bai iya tsara ta daidai ba, ni kuma ban san bambancin ba. Ina tsaye a gaban mutane da furfurata, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin wannan na riga na haɗa shi da yayana mai gidan burodi. Ni na kai shi har gida, na ce Yaya ga mutumin kirki. Ya karɓi 60,000 a can ma. Wannan ba ya cikin 315,000 ɗin, amma ni zan biya, don da bakina aka ci shi. Har yau Yaya bai ce min uffan ba, shirun nan ya fi zagi ciwo.

Wayarsa a kashe. Ofishin da ya nuna min a wani bene, ashe shagon mai fotokofi ne da yake zama a ciki yana cajin waya. Masallaci kuwa tun ranar da alat na uku ya shiga ba a sake ganin ƙeyarsa ba.

Kada ku tura kuɗin haraji asusun mutum, ko waye shi. Ku je ofis da ƙafarku. Mai cewa shi ƙwararre ne, ya nuna shaidar CITN, ƙungiyar ƙwararrun haraji ta Najeriya, ku kuma bincika.

Aikin kujerun an ba wani. Katakon da na ci bashi na saya yana nan jibge a shago, mai katako ya kira ni sau biyu yau da safe ban ɗauka ba.