Kayan gudu a hunturun Ingila da Kanada: me za ka saya, me za ka bari a kanti

Da yawa daga cikin manyan tseren gudun yada-ƙanin-wani na ƙasashen sanyi a watan Afrilu da Mayu ake yinsu. Na Landan da na Manchester a Afrilu, na Boston ran Litinin ta uku a watan Afrilu, na Ottawa wajen ƙarshen Mayu. Shi kuwa shirin kilomita 42 da 'yan kai yakan ci mako 16 zuwa 18. Ƙirga baya ka gani. Duk wanda ya yi rajista, a Disamba ko farkon Janairu zai fara atisaye, daidai lokacin da rana ke faɗuwa a Landan wajen ƙarfe 4 na yamma. Ko ba tsere ka sa a gaba ba, ko sassarfa kawai kake yi don rage teɓa, ko zuwa parkrun, gudun jama'a na kyauta da ake yi a safiyar Asabar, abubuwa uku ne za su tare ka: sanyi, santsi da duhu. Kowannensu kuma akwai mai kanti da ke jiran ya sayar maka da maganinsa.

Ɗan Arewa in ya sauka Birmingham ko Toronto, abin da ke fara zuwa masa a rai jibgegiyar rigar sanyi ce. Hunturun gida ne ya koya mana cewa kaurin tufafi shi ne maganin ɗari, kuma ga mai tsayuwa jiran bas gaskiya ne. Ga mai gudu kuwa, wannan riga ita ce ta ƙarshe a layi, in ma za a saye ta. Minti goma da fara gudu jiki ya ɗau zafi, zufa ta keto, ta rasa mafita, ta jiƙa kayan ciki. Da ka tsaya a danja ko ka juyo iska ta fuskance ka, wannan jiƙon ne zai sa haƙoranka kaɗawa. Shi ya sa tsofaffin 'yan gudu ke cewa ka sa kaya kamar ma'aunin zafi ya fi abin da ya nuna da digiri 10. In ka buɗe ƙofa ba ka ji ɗan ɗari ya ratsa ka ba, kayan sun yi maka yawa.

A ganina kuɗi wuri uku ya kamata su tafi: abin da ke taɓa fatarka, abin da ke taɓa ƙasa, da abin da zai sa direba ya hango ka. Amma kafin ka ciro kati, ka san wane irin hunturu kake ciki. Na Ingila jiƙa ne: yayyafi, iska, caɓi, ma'auni yana yawo 'yan digiri kaɗan sama da sifiri, ƙanƙara sai jefi-jefi. Na Winnipeg ko Edmonton busasshe ne mai cizo, digiri 20 ƙasa da sifiri ba labari ba ne a Janairu. Toronto da Montreal suna haɗa duka, dusar ƙanƙara ta zuba, ta narke, ta sake daskarewa cikin dare. Shawarar da abokinka na Calgary ya ba ka, in ka bi ta a Leeds asarar kuɗi za ka yi.

Mu fara da rigar ciki, don a nan aka fi yin ganganci. Auduga ba ta da wuri a nan ko kaɗan, har singileti da safa. Tana shan zufa ta riƙe, ta manne a baya. Zaɓi biyu ne na gaske. Akwai foliyesta, mai araha, mai saurin bushewa, mai jure wanki. Aibinta wari, bayan 'yan watanni ko an wanke ta, da jiki ya ɗumama sai tsohon tsamin ya taso. Akwai kuma ulun merino, irin na Icebreaker da Smartwool, wanda ke riƙe ɗumi ko ya ɗan jiƙe, ba ya saurin wari, ana iya maimaita shi sau biyu ko uku kafin wanki. Aibinsa tsada, ga saurin hujewa, kuma bai kai foliyesta saurin bushewa ba. Mai gudu sau huɗu a mako da ke zaune a ɗakin haya, inda injin wanki na kuɗi ne, merino guda ɗaya zai yi masa aikin foliyesta uku. Wanda ke da injin wanki a gida ya sayi foliyesta biyu a Decathlon ya huta. An ce araha ba ta ado, to gudu ba ado ba ne.

Wata riga da kusan kowane baƙo ke da ita a akwati ita ce Heattech ta Uniqlo. Tana da kyau ƙwarai don zuwa aji ko ofis. Amma a cikin zarenta akwai rayon mai riƙe danshi, don haka ba a yi ta don mai zufa ba. Ka bar ta wa ranakun aiki.

A sama da rigar ciki, abin da kake nema mai tare iska ne, shara-shara, mai zif har ƙasa don ka buɗe in ka ɗau zafi. Rigar Gore-Tex da ruwa ba ya ratsawa ta ninka wannan kuɗi, kuma duk abin da aka rubuta a takardar jikinta game da fitar da tururi, in kana gudu da ƙarfi zufarka ta fi ƙarfinta. Ka tsira daga ruwan sama, ka jiƙe daga ciki. Inda take biyan kuɗinta shi ne doguwar tafiyar Lahadi ta awa biyu ko uku cikin ruwan Manchester ko Glasgow, lokacin da gudun a hankali ake yinsa. Mai fita minti 40 ba ya buƙatarta. A Kanada kuwa, in sanyi ya tsananta, siririyar riga mai gashi-gashi ake ƙarawa a tsakiya, ba a sauya ta waje.

Wando: matsattsen nan na 'yan gudu shi ya fi riƙe ɗumi, kuma yawancinmu ba za mu fita titi da shi haka nan ba. Sai a ɗora gajeren wando mai kai gwiwa a kai, ko a sayi dogon wandon gudu mai ɗan sakewa wanda ya tsuke a idon sawu. Ga mata, hunturu ma ya fi sauƙin suturta jiki. Hijabin motsa jiki yanzu ba wuyar samu, tun da Nike ta fito da nata a 2017 wasu kamfanoni suka bi; abin dubawa kawai kada ya zama auduga, kuma ya rufe kunne da kyau.

Safar hannu mai arha ta isa a Ingila. A Kanada ka nemi wadda yatsu huɗu ke zama wuri ɗaya, ta fi mai rabe-raben yatsu ɗumi nesa ba kusa ba. Sai ƙyallen wuya irin na Buff da ake ja ya rufe baki da hanci, don busasshiyar iska mai sanyi tana sa tari da shaƙewar ƙirji, balle ga mai asma. Leɓe da kumatu kuma man kaɗanyar da ka zo da shi daga gida ya wadatar.

Takalmi ne wurin da za ka daɗe kana tunani. Hanya huɗu ce, kuma babu wadda ta dace da kowa.

Ta farko, takalminka na kullum da safar merino. A Ingila wannan ya ishi mafi yawan mutane. Ƙafa za ta jiƙe, amma ruwan yana fita ta ragar saman kamar yadda ya shiga, ulun kuma ya riƙe ɗumi. Ta biyu, takalmi mai Gore-Tex. Yana tare iska, yana tare caɓin da bai kai idon sawu ba, yana da daɗi a dusar da ta fara narkewa. Sai dai ranar da ka zurma cikin kududdufi ruwa ya shiga ta wuyan takalmin, ba shi da hanyar fita, haka za ka yi ta tafiya da shi yana caɓal-caɓal har gida. Kuma da Afrilu ya zo zafi zai yi maka, ba za ka yi tsere da shi ba.

Ta uku, takalmin gudun daji mai haƙora a ƙasa, irin su Saucony Peregrine ko Salomon Speedcross. A kan dusa mai laushi da taɓo ba shi da na biyu. Abin da mai kanti ba zai faɗa maka ba shi ne, haƙoran roba ba sa kama ƙanƙarar da ta daskare ta yi sumul. Wannan siririyar ƙanƙarar da ke shimfiɗe a kan kwalta, wadda ido ke ɗauka jiƙa ce kawai, ita ce mai kayar da mutane, kuma ƙarfe kaɗai ke cizonta.

Wannan ya kawo mu ta huɗu, ƙarfe a ƙasan takalmi, ita ma kashi uku. Akwai takalman da aka ƙera da ƙusoshi a jikinsu, kamfanin Icebug na Suwidin ya yi suna a kansu. Sun fi kowanne zama daram a ƙafa, sun fi tsada, kuma aiki ɗaya suka iya. Akwai na ɗaurawa, roba mai ƙananan ƙusoshi da ake ja a kan kowane takalmi, irin su Kahtoola NANOspikes da Yaktrax Run. In ka iso inda aka share hanya sai ka cire ka sa a aljihu. Ka lura, MICROspikes na wannan kamfanin na Kahtoola masu dogayen haƙora ne na hawan dutse, ba na titi ba, kada kamannin suna ya ruɗe ka. Sai dabarar talaka: ka ɗauko tsohon takalmi, ka sayi gajerun sukurori masu kai mai kusurwa shida, na inci 3/8, ka ɗaura kamar goma a gefe-gefen tafin, kawunansu suna kallon ƙasa. Kada ka sa a tsakiya inda tafin ya yi siriri, kada kuma ka gwada a takalmi mai iska a ciki. Yana aiki sosai. Za ka riƙa ƙwas-ƙwas a kan kwalta kamar dokin hawan sallah, kuma in ka taka daɓen katakon mai gida da shi, kuɗin ajiyarka na haya sun tafi. Mazaunin Toronto ko Ottawa na ɗaurawa zan ce ya saya. Mazaunin Ingila kada ya sayi ko ɗaya. 'Yan kwanakin da ƙasa ke daskarewa a shekara ba su kai a kashe musu kuɗi ba.

Kowanne ka zaɓa, ka gwada shi da safar da za ka riƙa sawa, don matsattsen takalmi yana hana jini zagayawa, yatsu su ƙandare. In ya jiƙe, cire shimfiɗar ciki ka cusa masa tsohuwar jarida, kada ka ɗora shi a kan hita, gam ɗin zai saki. Gishirin da ake watsawa a titi kuma a ɗauraye shi.

Duhu shi ne abin da baƙo ya fi rainawa. Kayan gudu yawanci baƙaƙe ne, mu ma ba farare ba, direba kuma yana leƙe ta gilashi mai hazo. Riga mai walƙiya irin ta leburorin titi ba ta da tsada, kuma ta fi duk abin da ke jikinka amfani. Tocilar goshi ta Petzl ko Black Diamond mai lumen (ma'aunin ƙarfin haske) 200 zuwa 300 ta isa cikin gari. Masu dubu na masu gudun daji ne, kashe wa mutane ido kawai za ka yi. Sanyi yana shanye batir, har wayarka tana iya mutuwa da sauran caji, don haka ka sa ta a aljihun ciki kusa da jiki.

Akwai ranakun da babu kayan da za su fisshe ka. Hukumar yanayi ta Kanada ta ce in sanyi haɗe da iska ya kai 28 ƙasa da sifiri, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Ko masu tseren sulu mai dogon zango a kan dusar ƙanƙara, dokarsu ta hana gasa in ma'auni ya wuce 20 ƙasa da sifiri. Irin wannan rana, ko ranar ruwan da ke daskarewa da ya taɓa ƙasa, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Targaɗe ɗaya ya isa ya cinye maka wata guda na atisaye. Nan injin gudu, wanda ake gudu a kan bel ɗinsa a wuri ɗaya, ke shigowa. Sayen na gida ba na ba ɗalibi ko mai haya shawara: nauyi, cin wuri, ga maƙwabcin ƙasa da zai zo buga maka ƙofa. Ƙananan nan masu arha da ake turawa ƙarƙashin gado na tafiya ne, bel ɗinsu gajere, ba sa ɗaukar gudu. Gara ka biya gidan motsa jiki na wata-wata wanda ba yarjejeniyar shekara, irin PureGym ko The Gym Group a Ingila, daga Disamba zuwa Maris, ka daina. Ɗaliban jami'o'in Kanada da dama sun riga sun biya kuɗin wurin motsa jiki cikin kuɗin makaranta ba su sani ba, wasu har da filin gudu na cikin gini. In ka hau injin kana gudu da sauri, ka ɗaga gabansa ya yi tudu na kashi 1 cikin ɗari. Binciken Jones da Doust na 1996 ya nuna hakan ne ke cike gurbin iskar da ba ka turewa. Ga mai sassarfa a hankali bambancin bai taka kara ya karya ba.

Wani dalilin da zai sa kuɗin tocila da na gidan motsa jiki su fita shi ne azumi. Ramadan ya shigo a farkon Maris a 2025, a tsakiyar Fabrairu a 2026, kuma kowace shekara yana ja baya da kwana 10 ko 11. Wato shekaru masu zuwa a cikin makonnin atisaye mafi nauyi zai riƙa faɗowa. Wunin gajere ne, alhamdulillahi, amma doguwar tafiya sai bayan shan ruwa ko bayan tarawihi, cikin duhu, lokacin da sanyi ya fi sauka. Ka duba ko gidan motsa jikin da ke kusa da kai yana buɗe dare da rana kafin ka biya.

Batun inda za a saya, rigar waje da wando ba laifi a ɗauko su gwanjo a manhajar Vinted, ko a leƙa kantin TK Maxx, a Kanada kuma Winners. Rangwamen ƙarshen Nuwamba da na 26 ga Disamba lokacin sayen takalmin bara ne, wanda sau da yawa launi da ɗan gyara kaɗan ne suka raba shi da na bana. Takalmi dai kada ka saye shi gwanjo, ba ka san nisan da ya ci ba. Yawancinsu tsakanin kilomita 500 zuwa 800 suke gajiya, kuma mai yin kilomita 50 a mako ya cinye 800 cikin mako 16. Wanda ka fara da shi a Disamba ba zai kai ka layin tashi da ƙarfinsa ba, don haka ka ware kuɗin na biyu tun yanzu, ka saye shi a Maris, ka yi doguwar tafiya biyu ko uku da shi kafin ranar tseren.